Rupin da ke Dokin Ƙofar Dondiba

A Nimgaon in ka ce kana neman Dondiba, sai a tambaye ka wanne, don muna da su barkatai. Suna ne da ake sa wa yaron da ya zo bayan yayyensa sun yi ta mutuwa a zanin goyo. Ma'anarsa dutse, wai don mutuwa in ta leƙo ta ga ba abin ɗauka ba ne, ta wuce. Amma ka ce Dondiba Kumpani, ko mai tallan albasa zai nuna maka gidan, ga shi can a lungun masu matsar mai. Mai sunan dai har ya bar duniya bai taɓa amsa shi ba, bai kuma taɓa cewa ƙarya aka yi masa ba.

Ubansa Ranoji mai guduma ne a maƙerar kuɗi ta garinmu. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Mutum ɗaya ya ɗora ƙwayar azurfa tsakanin hatimi biyu, mai guduma ya sauke mata bugu ɗaya, ba biyu ba, sai ga rupi ya fito. Rubutun da ke jikinsa na Farisa ne, da sunan wani sarki can Dilli wanda babu wanda ya taɓa sa shi a ido, kuma babu mai iya karantawa a cikinmu. Mu abin da muke dubawa shi ne ankush, 'yar ƙugiyar nan da ake tuƙa giwa da ita, makamin ubangijinmu Ganpati. In ka gan ta a fuskar rupi, ka san kuɗin Peshwa ne mai mulki a Pune, ka karɓa da zuciya ɗaya.

Da Dondiba ya ƙi mutuwa, aka yaye shi har ya taka ƙasa da ƙafarsa, Ranoji ya ɗauko rupin da shi ya buga da hannunsa, ya huda shi, ya kafe shi da ƙusa a tsakiyar dokin ƙofar gidan. Alkawari ne ya cika. Tun daga ranar, matarsa Jiubai kullum da sassafe sai ta share dokin ƙofa, ta shafa wa rupin kurkum da jan gari kamar yadda kowace mace take yi wa ƙofarta. Ita ba ta kankarewa, ƙarawa kawai take yi. Kafin yaron ya yi wayo, rupin ya zama wani ɗan tudu rawaya da ja, ba ka ganin ko ƙyallin azurfar. A wurinmu ba a taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi, sai dai yara da baƙi da awaki ba ruwansu da wannan doka.

Dondiba ya girma ya gaji gudumar ubansa. Ƙato ne, damtsensa ya kai cinyar wani. Ya auri Salu, uban ya rasu, idon Jiubai ya dushe har ya tafi gaba ɗaya, amma aikin ƙofa ba ta sakar wa suruka ba. Da lalube take yinsa. Aibin Dondiba ɗaya ne a lokacin, baki. In an zauna cin gurasar dawa da rana a maƙera aka tabo zancen Kumpanin Turawa da ke Mumbai, sai ya ɗaga guduma sama.

"Su zo mana! Bature ɗaya bugu ɗaya. In na ƙara na biyu ku rage mini lada."

Ana dariya, shi ma yana yi. Kuma fa har zuciyarsa ya ɗauka haka yake.

To, sai suka zo. Bayan ɗaukewar ruwa a wata shekara, labari ya iso cewa an kara a bakin Pune, rundunar Peshwa ta watse, shi kansa ya fice daga birni, masu jajayen riguna sun biyo hanya. Kowa da abin da ya ji. Wani ya ce gida gida suke bi. Wani ya ce duk inda suka ga alamar Peshwa sai su cinna wuta. Wani mai jan amalanke, wanda ko Pune bai taɓa zuwa ba, ya rantse da kan 'ya'yansa cewa masu buga kuɗi hannun dama ake sare musu. Wannan ita ce ta shiga kunnen Dondiba ta ƙi fita.

Unguwa ta kwashe zuwa duwatsu. Dondiba ya ɗora uwarsa da matarsa a keken shanu zuwa ƙauyen su Salu, mai nisa. Shi ya tsaya, don Moroshet mai maƙera ya ce duk rupin da aka buga a narkar da shi a mai da shi sanduna a binne. Da hantsi ya fito zai tafi aikin, ya ɗaga ƙafa zai tsallake dokin ƙofa, idonsa ya faɗa kan ɗan tudun nan. Ga ankush a bakin ƙofarsa, shi kuma mai guduma!

Bai tsaya tunani ba. Ya koma ciki ya ɗauko guntun ƙarfe mai baki, ya tsuguna ya ɓamɓare rupin da kurkuminsa duka, ya cusa a ƙugu ko kallonsa bai yi ba. Da ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma tsoro bai ƙyale shi ba. Akwai wani paisa na jan ƙarfe, kuɗin Kumpani mai hoton ma'auni, da wani ɗan kasuwa ya taɓa ba shi, ya ajiye don ya riƙa nuna wa abokai ana dariya. Shi ya lalubo, ya huda, ya kafe a gurbin, har da goge shi da bakin mayafi don ya yi ƙyalli a hango shi daga nesa.

"Sannu da aiki, ɗan Jiu."

Ya ɗago. Takubai ce mai sayar da mai, tsohuwar da ke gidan da ke kallon nasu. Ƙafarta ɗaya ba ta aiki, ta ce ba inda za ta, Bature in ya zo ya sayi mai. Tana zaune a dakalinta tun farko.

"Mawshi," ya ce, don haka muke kiran sa'ar uwa, "ba ki ga komai ba."

"Ni? Uwarka ce makauniya, ba ni ba. Bugu ɗaya Bature ɗaya, ko? Na ga bugun."

Ya wuce maƙera da gudu-gudu. Tukunyar narki tana kan wuta, ya jefa rupin ubansa a ciki tare da sauran. Kurkumin shekara da shekaru ya ƙone, ƙaurinsa ya cika rumfar. Wani ya tambaya wa ke girki a nan.

Abin haushi, sojojin da suka iso yawancinsu baƙaƙe ne irinmu, mutanen kudu, a gajiye, ruwa da harawa kawai suke nema. Bature ɗaya ne a cikinsu, shi ma ciwon ciki ya hana shi sakat. Lungun masu matsar mai ko leƙa shi ba su yi ba. Da abubuwa suka lafa, aka kira Moroshet. Ya tafi yana rawar jiki, ya dawo yana murmushi.

"Ku tono azurfa, ku hura wuta. An ce mu ci gaba."

"Da wane hatimi, Shet?"

"Da namu mana. Ankush ɗin ma sun ce a bar shi, mutane sun saba. Shekara kawai za a ƙara a baya, da lambobinmu, don a san na zamaninsu ne."

Sauran suka yi shewa. Dondiba ya ɗauki guduma, ya ji ta yi masa nauyi. Ashe babu wanda ya nemi hannunsa, babu wanda ya nemi rupinsa. Shi ya tsorata kansa, shi ya yi mubaya'a tun ba a tambaye shi ba.

Mutanen unguwa suka riga iyalinsa dawowa, suka tarar da jan ƙarfe yana walƙiya a ƙofarsa. Takubai kuwa ba ta rage komai ba. Kafin la'asar sunan ya kama.

"Ram Ram, Kumpani! Yaya Mumbai?"

"A ba shi hanya, babban bawan Bature zai wuce."

Ya fito da ƙarfensa zai cire abin. Ya tsuguna ke nan Takubai ta ƙwala murya daga dakali.

"Kai! Na Bature za ka cire? To yanzu ne fa za a sare hannun!"

Ku ji abin kunya, sai ya tsaya cak, ƙarfe a hannu, yana waige-waige. Lungu ya ɗauki dariya, wata mata har da zubar da tulunta. Wannan tsayawar ta fi masa ciwo a kan duk abin da ya gabata, don ta nuna ba tsoron rana ɗaya ba ne, halinsa ne.

Amma duk wannan zai iya haɗiyewa. Abu ɗaya ne ba zai iya ba, uwarsa ta sani. Rupin nan don ransa aka kafe shi, ita ta yi ta shafa shi tun yana rarrafe, shi kuma ya narkar da shi don jita-jitar mai amalanke. Ya gwammace duk Nimgaon su tofa masa yawu da Jiubai ta ji.

Ya ɗauki sabon rupi daga ladansa, ya huda. Ya goge shi da yashi, ya jiƙa a ruwan tsamiya, ya murza da toka har sabuntar ta tafi. Ya juya shi a tafin hannu, ya ga dabara ta faɗo masa da kanta: shekarar Kumpani tana baya, ankush yana gaba. Sai ya kwantar da shekarar a jikin itace, ya bar ankush a sama, don in yatsan tsohuwa ya kai can ya ji abin da ya sani. Ya cire jan ƙarfen, ya kafe wannan a gurbinsa, ya lafta masa kurkum. Sa'an nan ya bi ƙofa ƙofa, ƙato da shi, hannuwa haɗe, yana roƙon kada a gaya wa uwarsa.

Takubai ta dube shi sama da ƙasa. "Zan yi shiru. Ba don kai ba, don Jiu. Tare aka kawo mu lungun nan muna amare."

Salu a bakin rijiya ta ji, ranar da suka dawo. Ta shigo ta sauke tulu, ta ce wa mijinta a hankali, "Ka ji? Da ni ka fara gaya wa, da ban ji a bakin matan gari ba."

Washegari da sassafe Jiubai ta lallaɓo da tsintsiya da ɗan kwanonta. Dondiba yana leƙe daga ciki. Ta yayyafa ruwa. Kurkumin jiya ba irin na shekaru ba ne, nan da nan ya saki. Yatsanta ya sauka kan azurfa, ya zagaya, ya tsaya. Ya ɗan jima a tsaye. Sai ta ɗebo kurkum ta shafa, ta ƙara, ta ƙara, ta ɗora jan gari. Dondiba ya saki ajiyar zuciya, ya ce a ransa ya sha.

Sai dai daga ranar tsohuwa ta tsiro da sabon hali. In ta gama aikin ƙofa ba ta komawa ciki. Sai ta zauna a gefen dokin ƙofa da 'yar sanda, tun safe har faɗuwar rana, kunnenta a kan takun duk mai zuwa.

"Ɗaga ƙafa!"

Ko mai tallan gishiri ne, ko jika, ko akuyar maƙwabta, ba ta barin kowa. Yara suka riƙa kwaikwayonta a kan titi. Ƙofar kuwa yamma take kallo, ranar bazara tana dukan ta har bango ya yi zafi. Da damina feshi ya jiƙa ta sharkaf.

"Ayi," Dondiba ya kan ce, don haka muke kiran uwa, "ki shiga ciki mana. Rana za ta kashe ki."

"Iska nake sha."

"Wace iska? Wuta ce wannan."

"Tafi aikinka. Ɗaga ƙafa."

Ya yi mata 'yar rumfar kara, ya ce tsufa ne. Unguwa ma haka ta ce.

Shekaru suka tafi a haka. Peshwa bai dawo ba, an ce an ba shi wuri can arewa yana zaune. Mutanenmu da suka bi yaƙi suka dawo ɗaiɗai, wani ba doki, wani ba ƙafa, suka koma noman dawa. Su ba sa tsokanar Dondiba, gaisuwa suke yi masa cikin mutunci, wannan kuwa ta fi zagi zafi a wurinsa. Ya daina cika baki, ya daina zama cin gurasa da jama'a. In ana bikin Ganpati aka nemi ƙarfafa masu ɗaukar kaya, sai ya ce bayansa na ciwo. Kullum yana buga rupi, ankush a sama shekara a ƙasa, kowane ɗaya irin na ƙofarsa sak. Addu'arsa ɗaya ce, uwarsa ta tafi ba ta sani ba. Wani lokaci sai ya kama kansa yana lissafin yadda ta tsufa, kunya ta rufe shi.

Da sanyin wata shekara Jiubai ta kwanta. Ƙirjinta ya riƙe, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Duk da haka kullum sai Salu ta tallabe ta zuwa ƙofa. Ran nan da rana Dondiba ya dawo ya same ta jingine da bango, ta zama ƙashi da fata, sandar tana kan cinyarta ta kasa ɗagawa. Wani baƙo mai neman hanya ya tsaya a bakin ƙofar, takalminsa a kan dokin ƙofa, tana ta motsa baki muryar ba ta fita. Dondiba ya sallami mutumin, ya durƙusa.

"Ayi, ya isa haka. Yau kam ciki za ki."

"Dondu," ta ce, sunan da take kiransa yana yaro, "ɗauko ƙarfen nan naka."

"Wane ƙarfe?"

"Wanda ka ɓamɓare na ubanka da shi."

Salu tana bayansa, ta sa mayafi ta rufe baki. Can dakali Takubai, wadda ita ma yanzu sai an ɗaga ta, ta miƙe wuya.

"Wa ya gaya miki?" ya ce. "Mawshi ce?"

"Bar Taku, ba ruwanta. Kai ka gaya mini. Ka taɓa ganin inda aka sa makamin Ganpati a ƙarƙashin ƙafar mutane? Ubanka kife shi ya yi. Ankush yana jikin itace, baya ne a sama. Ina tsaye ya kafe shi, kana goye a bayana."

Dondiba ya dubi ɗan tudun kurkum. Wato ko da sojoji sun shigo lungu, ko da sun kankare shi tas, babu ankush ɗin da za su gani. Wato shi da hannunsa ya shimfiɗa alamar ubangiji a inda awaki ke bi, yana murna ya yi dabara. Sai yanzu ya gane 'yar sandar nan, da rumfar kara, da ranar bazara.

"Shi ya sa kike zama a nan?"

"To wa zai zauna? Kai kana maƙera."

"Ayi, me ya hana ki faɗa? Tun ranar farko me ya hana ki faɗa?"

"Kai ka faɗa?" Ta tsaya ta yi tari mai tsawo. "Jiranka nake yi. Na ce yau zai tsuguna ya ce, Ayi, na ji tsoro. Gobe zai faɗa. Da ka faɗa, da a ranar na ce ka juya shi, in shige ɗaki in huta. Tsoro kuwa wa bai ji ba? Ni a keken shanu har fitsari na yi. Amma ka bi gari kana roƙon mutane su ɓoye mini, ni kaɗai ka kasa roƙo."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Yanzu ba ni da sauran zama," ta ce. "Salu tana da aiki, ba za ta iya gadi ba. Juya shi."

"Ayi, a bayan akwai..."

"Shekarar Kumpani. Na sani. Ido na rasa, ba kunne ba."

Ya shiga ya ɗauko ƙarfen da guduma. Lokacin da mutane ke dawowa daga kasuwa ne, lungu cike. Suka ga Dondiba Kumpani tsugune a dokin ƙofarsa da ƙarfe a hannu, kamar wancan karon. Wani saurayi ya buɗe baki zai yi tsokana, Takubai ta daka masa tsawa ya haɗiye. Dondiba ya kankare kurkumin, ya zare ƙusa, ya ɗaga rupin ya kai goshi. Sa'an nan ya kife shi. Lambobin shekarar suka bayyana a sama, fes, kamar jiya aka buga su, duk wanda ke tsaye yana iya karantawa. Ya saita ƙusa, ya ɗaga guduma, hannun ya ƙi sauka.

"Ayi," ya ce, da muryar da duk lungu ya ji. "Na ji tsoro."

Ya sauke bugu ɗaya.

Jiubai ta miƙo hannu ta lalubi wurin. Yatsanta ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya zagaya kan ƙusar. Ta saki 'yar sandar ta faɗi ƙasa.

"To," ta ce. "Kai ni ɗaki, rana ta ishe ni."